Ƙwallon Goruba Mai Ƙara

Wata ranar kasuwa a Tanut ina zaune a rumfar mai shayi, ina jiran motar garinmu ta cika, sai na ga samari sun taru gaban tele suna dariya. Wasan Turawa ake nunawa, wanda ake kira golf, wai babbar gasarsu ce ta shekara. Aka fito da wasu tsofaffi masu kai fari fat, kowannensu ya taɓa cin gasar a zamaninsa, aka ba su sanda su yi bugun farko kafin matasa su fara. Ɗaya daga cikinsu sai da wani ya duƙa ya ajiye masa ƙwallon. Samarin suka ce tsoho zai karya ƙugu a banza. Ni ban yi dariya ba. Na ce su matsa in gani, don in ana maganar tsofaffin gwanaye, to da ni ake.

Garinmu yana kan hanyar Olelewa, kuma muna da namu wasan tun kafin a san tele a Damargu. Idan an gama girbi, an ɗaure hatsi, gonaki sun zama fili, sai a haƙa ɗan rami kusa da tsohuwar rijiya. Daga gindin gawon bakin gari ake farawa. Kowa da gorarsa, wato sanda mai lanƙwasasshen kai, da ƙwallon gorubarsa da aka cinye naman aka bar shi ya bushe. Wanda ya kai nasa rami da bugu mafi ƙaranci shi ne gwanin shekara. Baduku zai ɗinka masa zoben jar fata a jikin gora, shi kuma zai yanka akuya ya ciyar da waɗanda suka riga shi samun zobe. Ba mai sa hannu a wannan akushin sai mai zobe, ko da maigari ne.

An ce yabon kai jahilci ne. To, na yi shekaru ina koyarwa a lekol, na yarda in jahilta sau ɗaya: a zamanina ba wanda ya kai ni hannu. Ƙwallona ba ya yawo, inda na duba nan yake zuwa. Gorata tana nan jingine a ɗaki, duk mai musu ya zo ya duba zobbanta.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da wannan ba, taubashina, ɗan gwaggona. Ya girme ni kaɗan, ya kuma riga ni samun zobe. Shi ƙarfi gare shi, ni saiti. In ya buga, ƙwallonsa sai ya wuce aduwar da ke tsakiyar fili, amma wajen rami sai ya yi ta kewaye kamar akuya a turke. Tun muna yara bawana nake ce masa, shi ma haka yake ce mini, ba mu taɓa zama wuri ɗaya mun tashi ba a tsokani juna ba.

Al'adar wasan ita ce, mafi tsufa a cikin masu zobe shi ke bugun farko. Bugu ɗaya ne tak, ba a maimaitawa, ba a kuma auna nisansa. Har sai ƙwallonsa ya tashi sannan yara su shiga. Ba a karɓe wa mutum wannan bugun sai ƙasa ta rufe idonsa. Da tsofaffinmu suka ƙare, abin ya faɗo kan taubashina, ni ne na biye. Duk shekara sai ya ɗaga gora ya dube ni ya ce in yi haƙuri, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ina dariya, amma ba zan ɓoye ba, ina son bugun nan.

A shekarar da na ga tsofaffin nan a tele, idon taubashina ya daina gani. Yanar ido ce ta fara cinsa a hankali, aka kai shi asibiti a Damagaram, aka dawo da shi ba wani sauyi. Da kaka ta matso, babban ɗansa ya zo ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni.

“Baba, bana ku za ku buɗe wasa,” ya ce. “Tsoho ba ya ganin ko tahin hannunshi. In ya kai bugu ya sami iska, yara su yi mishi dariya, ba zan iya ɗauka ba.”

Na ba shi labarin tsohon Baturen da aka ajiye wa ƙwallo.

“Baba, shi ai yana gani,” ya ce.

Yaron ya yi gaskiya, kuma abin da na daɗe ina jira ne aka kawo mini har zaure. Amma raina ya ɓaci. A garinmu in aka karɓe wa mutum bugun farko yana numfashi, an yi masa jana'iza ke nan yana zaune yana ji. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, ni ba na cin gadon mai rai.

Na tafi gidan taubashin nawa da hantsi. Na tarar da shi a kan tabarma, gorar tana kan cinyarsa yana shafa zoben da yatsa. Ya gane takuna.

“Bawana, ka zo karɓar sarauta?” ya ce. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

“Tashi mu tahi bayan gari,” na ce. “Ban gama kunyata ka ba.”

Duk mai buga gora ya san ba a zaɓen ƙwallon da ke ƙara. In goruba ta daɗe, ƙwayar cikinta takan tsuke ta saki jiki, in ka girgiza sai ka ji ƙwal-ƙwal. Irin wannan ba ya tafiya miƙe, ba ya nisa, yara ma jefar da shi suke yi. Shi na bi gari ina nema, har na sami wanda ya fi kowanne surutu a rumbun wata tsohuwa. A bayan gari na tara ɗan yashi, na ɗora shi a kai, na riƙa kaɗa shi da yatsa har taubashina ya lalubo shi da kan gora. Sai in janye hannu in ce bismilla.

Ranar farko iska ya yi ta duka. Rana ta biyu ya same ni a ƙwauri, na zauna a ƙasa ina salati, shi kuwa yana cewa ai da gangan ya yi, tsohon bashi ne. Muka ci gaba da fita har ya fara samu fiye da yadda yake kuskurewa. Ban taɓa ce masa ya iya ba, shi ma bai taɓa ce mini na gode ba.

Ranar wasa gari ya cika a gindin gawo, har makiyaya da suka sauko da dabbobi cin kara sun tsaya kallo. Ɗansa ya riƙo hannunsa ya kawo shi, fuskar yaron kamar wanda za a yi wa ƙaho. Makaɗi ya saba rakiyar bugun farko da kalangu. Na ɗaga masa hannu na ce yau ba kiɗa, kuma duk wanda ya yi tari zai gamu da ni. Wurin ya yi tsit.

Na durƙusa a gabansa, ni da ban taɓa durƙusa masa ba. Na kaɗa ƙwallon. Ya karkata kai, ya matso da gora har ta taɓa shi, ya gyara tsayuwa irin tasa ta da, ƙafar hagu a gaba. A nan ne tsoro ya kama ni, don bugu ɗaya ne, kuma ni na jawo shi tsakiyar mutane. Na janye hannu na ce bismilla.

Ya same shi a tsakiya. Ƙwallon ya tashi yana ƙwal-ƙwal a sama, kowa yana ji, ya faɗi ya gangara cikin kara. Bai kai rabin hanyar aduwa ba. Makaɗi bai jira izinina ba, mata suka ɗauki guɗa, ɗansa ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Na miƙe na ce masa ya wuce aduwa.

“Kar ka yi mini ƙarya, bawana,” ya ce. “Na ji inda ya hwaɗi. Amma ko hakan ya hi naka.” Ya lalubo kafaɗata ya riƙe. “Sai ka ƙara haƙuri, ban shirya mutuwa ba.”

Da aka zauna cin akuyar gwanin shekara, shi ya fara sa hannu a akushi, ya kuma sa aka ba ni ƙashi.

Da damina ta tsaya Allah ya karɓi abinsa. Da kaka ta zagayo aka miƙo mini bugun farko, ba wanda ya yi musu. Na bar ƙwallaye masu kyau a gida na ɗauko mai ƙarar nan, na ajiye shi da hannuna, na buga. Duk da haka ya tafi miƙe, don hannuna bai mutu ba, ya sauka gab da aduwa. Na juya dama, inda taubashina ya saba tsayawa, bakina cike da magana. Ɗansa ne a wurin, riƙe da gorar ubansa, ya sunkuyar da kai ya ce, “Sannu, Baba.”