Sunan Malam Iro mai hoto ba zai fita daga littafin nan ba

Ina tsaka da karin kumallo aka bugo daga Daura: Malam Iro mai hoto ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Lokacin da kuɗin fetur suka shigo, kowa ya sayi Vespa sai ya zo shagonsa a ɗauke shi a kai. Ni sabon ticha ne na kimiyya, ina ji da kaina. Nan nake zuwa hira, ya raba furarsa biyu ya miƙo min, in ci gaba da yi masa iyayi.

Mutanen gari sun sa masa suna Dishi-dishi, don ba ya zubar da hoton da bai fita tangaran ba. Wata rana ya nuna min wani da ya ɗauka a bakin kasuwar Mai'adua, mutum ya fito sarai, kukar da ke bayansa ta dushe. Ya ce yawan dushewar ya nuna masa taku tara ne tsakaninsu. Na yi masa dariya. Muka je, na taka da ƙafata, tara cif.

Shi ya koya min hoto ɗaya bai isa ba, tunda na gaba da na baya duk dushewa suke. Sai ka murɗa idon kyamara ka sake ɗauka, ka gwama.

Abin da na shekara da shekaru ina koya wa kwamfuta kenan. A kansa na rubuta littafi, na sa sunansa da nawa a bango.

Da na je gaishe shi da ƙaramar salla, na tarar yanar ido ta rufe masa gani. Ina sallama ya ce, “Ticha, taku huɗu ka tsaya, matso mana. Littafin namu fa?”

Na ce saura kaɗan, Malam. Kunya ta hana ni gaya masa gaskiya: masu bugawa sun ce in cire sunansa daga bango, wai ba shi da digiri.

To su ji da kyau. Ko sunansa ya fito sama da nawa, ko littafin ya ruɓe a durowata. Na yi shiru yana raye, abin yana ci min rai, ba zan ƙara ba.

Allah Ya gafarta wa Malam Iro, Ya haskaka kabarinsa. Wanda ya karanta, don Allah ya ambaci sunansa cikin addu'a.