Shaidu Goma Sha Ɗaya a Kan Katin Baba Audu

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da Baba Audu ya shigo ofishinmu na haraji a Kontagora, cikin watan Janairu. Lokacin ina mataimakiyar jami'in haraji, teburina ne na farko daga ƙofa. Aikina in saurari mutum, in cike masa fom, in tura shi wurin Oga Bala, shugaban sashenmu, ya sa hannu. Ku da kuke cikin aikin kun san halin mutanenmu: mai shago uku zai rantse miki bana ko ƙullin gishiri bai sayar ba.

Shi wannan dattijo da ƙafarsa ya zo. Manomi ne daga wani ƙauye bayan Auna. Ya gaishe ni har da tambayar mutanen gida, sannan ya kwance wata takarda daga cikin leda.

"'Yata, na zo in biya haƙƙin gwamnati, a buga mini hatimi."

"Haƙƙin me, Baba?"

"Na kyauta."

Da na bi maganar a hankali sai na gane. 'Yarsa Rahila tana aiki a Legas. A ƙarshen shekara wurin aikinta suka ba ta katin kyauta, ita kuma ta turo lambarsa ta wayar faston cocinsu, ta ce a saya wa mahaifiyarta, Mama Ladi, na'urar ji irin wadda likita ya rubuta musu. Shekara biyu ke nan matar ba ta jin muryar 'yarta a waya, sai dai ta riƙe wayar tana murmushi, Baba yana yi mata ihu da abin da aka ce.

Na shiga da shi wurin Oga. Ya saurara, ya cire tabarau, ya ce, "Baba, abin da muke karɓa a kai shi ne abin da mutum ya samu ta albashi ko sana'a. Abin da 'yarka ta ba ka kyauta ne, ba mu da ko kwabo a ciki."

"To, yallaɓai, a ba ni rasit na babu."

Oga ya yi dariya har da buga tebur, ya ce shekararsa ashirin a aiki ba a taɓa neman wannan rasit a wurinsa ba.

Ni kuwa dariyata ta tsaya, domin idona ya kai ƙasan takardar. Ga lambar katin a sama an rubuta ta ɓaro-ɓaro, ga jerin sa hannu da dangwalen yatsa a ƙasa. Ga wanda bai sani ba, irin wannan kati lamba ce kawai. Kuɗin na cikinta, a shagon intanet ake kashe su, kuma duk wanda ya riga shigar da lambar shi ya ci. Ba a tambayar suna.

"Baba, su wane ne waɗannan?"

"Shaidu," in ji shi, yana gyara zama da alfahari. "Goma sha ɗaya. Fasto ya karanta lambar a coci sau biyu. Mai unguwa ya kwafi tasa, maƙwabcina Malam Isa ma yana da ɗaya."

Yadda ake yi wa takardar gona haka ya yi wa kati: yawan shaidu, yawan tsaro.

"Tun yaushe?"

"Mako uku."

Coci cike da matasa, kowa da waya a hannu, mako uku cur! Wallahi na riga na fara haɗa kalmomin haƙurin da zan ba shi. Na nemi izinin Oga, na buɗe shagon a wayata, na shigar da lambar. Netwok ya yi ta juyawa, ni da Oga mun ƙura wa waya ido, Baba kuwa yana ta kallon kalandar bango abinsa.

Kuɗin suna nan cif, ba a taɓa ko sisi ba.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a ofishin gwamnati ba. Nan take muka sayi na'urar, muka sa adireshin ofis tunda gidansa ba shi da lamba. Sannan na zaunar da shi na yi masa faɗa irin na 'ya da uba, na ce da ko mutum ɗaya daga cikinsu ya so, da yanzu babu komai.

Ya dube ni da mamaki. "Ai sun sani. Matasa sun faɗa tun a ranar. To, kunnen Ladi ne, wa zai ci?"

Bayan kwana tara kaya suka iso, ya zo a kan babur ya karɓa. Ranar Juma'a wayata ta yi ƙara. Muryar tsohuwa na ji, sai na ɗaga tawa ina gaishe ta da ƙarfi.

"Ke ce 'yar haraji? Daina yi mini ihu, ina jin ki sarai. Yanzu muka gama da Rahila, awa guda muna hira, ashe yarinyar nan surutu ya ƙaru mata."

Na yi dariya har da hawaye.

Har gobe duk wanda ya zo mini da irin wannan kati, abin da nake fara gaya masa shi ne ya ɓoye lambar, kuma ku ma haka za ku riƙa yi. Amma ku riƙa tambayar mutum abin da ke tafe da shi kafin ku jawo fom. Aikin nan yana koya mana neman abin da mutane suka ɓoye, har mu manta akwai garin da aka karanta kuɗi a bainar jama'a sau biyu, kowa ya ji, kowa ya koma gida ya bar wa Mama Ladi abinta.