Baba Wilfred Mai Ɗanɗana Abincin Kyanwa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma na san wasu za su ce an rasa wanda za a yaba sai mai sayar da abincin kyanwa. Amma makon jiya aka rufe shagon Baba Wilfred. Ina tsaye ana fitar da katakai, ban ji wanda ya ce masa sannu da aiki ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Shekara da shekaru, kafin masu keke napep su cika hanyar kasuwar Kafanchan, ya riga ya buɗe ɗan shagonsa da ke kusa da layin dogo. Abincin kaji yake sayarwa da maganin tsutsa na awaki. Na kyanwa kanta ɗaya ce kawai a can gefe, domin masu saye ba su da yawa: masu siton hatsi da ke ajiye kyanwa saboda ɓera, wasu malaman jami'a, sai tsofaffin da 'ya'yansu suka watse Abuja da Legas. Duk da haka sabon buhu ba ya hawa kantar nan sai ya bi ta hannunsa. Zai sa tabarau ya duba abin da aka fara rubutawa a bayan buhun, nama ne, kifi ne, ko masara. Ya jiƙa 'yan ƙwayoyi a ruwan ɗumi ya murza, ya ɗora ɗaya a garwashin mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya sunsuni hayaƙin, sannan ya jefa ɗaya a baki ya tauna. Bayan haka kyanwar shagon za ta ci na 'yan makonni, yana lura da gashinta da kashinta.

'Yan acaba suka sa masa suna Baba Mage. Jamiluddeen mai shayi kullum sai ya tambaye shi ko a kawo madara ya haɗa da shi. Wasu kuma da zafi suke faɗa, wai mutane ba su ƙoshi ba shi yana tantance abincin dabba. Amsarsa ɗaya ce: mutum in an cuce shi zai kai ƙara, kyanwa kuwa sai dai ta rame. Bai taɓa kiran kansa likita ba. Da ƙuruciya riƙe dabbobi yake yi a asibitin dabbobi, kuma yakan ce akwai abin da harshe ba ya ganewa, sai an je wurin masu ilimin.

Ni sunana Zipora. Ina kula da Mama Ujunwa a tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Mijinta, Papa Okechukwu, ya rasu ya bar mata kyanwar da ya tsinto a tasha, mai suna Loko. Tun rasuwarsa Mama ba ta sa komai a baki sai ta ga Loko ta ci. Ba wasa take yi ba, haka zuciyarta ta koma.

Tun kafin in fara aiki a gidan, wata mai tireda ce ke kawo abincin Loko a ƙulle cikin farar leda. Ta ce daga babban buhu ake ɗiba, ya fi sauƙi. Sannu a hankali Loko ta fara karo da ƙafar kujera. Daga baya ta kwanta a ƙarƙashin gado ta daina ci, Mama ma ta ture kwano. Matan zumuntar coci suka zo addu'a, wata a cikinsu ta ce kyanwar nan ba ta Allah ba ce, a kai ta daji a yar. Mama ta juya fuska bango.

Na sa Loko a kwali, na ɗauki ledar, na tafi wurin Baba Wilfred. Ya tauna ƙwaya ɗaya ya tofar.

"Yarinya na," ya ce, "wannan abincin kare ne, mai araha ma. Kyanwa ba ƙaramin kare ba ne."

Ya bayyana mini cewa akwai wani sinadari a cikin nama da jikin kare ke iya haɗa wa kansa, jikin kyanwa kuwa ba ya iyawa. In ta daɗe ba ta samu ba, ido ke fara mutuwa, zuciya ta biyo baya. Ya rufe shago da rana tsaka ya raka ni wurin likitan dabbobi. Likita ya ce ido ya riga ya tafi, amma ana iya ceton zuciyar.

Daga ranar, kowace yamma in ya tashi daga shago sai ya biyo gidanmu. Ya dafa zuciyar saniya ba gishiri ba albasa, ya durƙusa a siminti da gwiwoyinsa masu ciwo, yana shafa wa Loko a baki da yatsa. Da ta fara lasa, Mama ta juyo daga bango.

"Wilfred, faɗa mini gaskiya. Loko zai gani kuma?"

"Ba zai gani ba, Mama. Amma ga shi yana ci. Ke ma ki ci."

Ranar ta sha koko, hawaye na zuba a cikin kofin.

Ya je ya sami mai tiredar, ba da faɗa ba. Ta ce ita ma haka ta sara, buhun ba suna ya zo mata. Ta daina, amma wasu suka ɗora. Har yau ana sayar da ledojin nan a kasuwa.

Baba, kai ne ka ƙi yi wa tsohuwa ƙarya a ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Kai ne ka yarda a yi maka dariya shekaru, don kada abin da ba ya magana ya ci cuta ta hannunka. Da daminar bana hawan jini ya taɓa maka ɓarin jiki, harshen nan ya daina jin ɗanɗano, hannu ya daina riƙe tabarau. Ɗanka Patrick ya zo ya mai da kai gida Manchok. An ce shagon cajin waya za a yi a wurin. Na gode, Baba. Ubangiji ya saka maka, ya sauƙaƙa maka ciwo. Ku kuma da ke sayar da abin da wani rai zai ci, na mutum ko na dabba, ku san abin da ke cikin buhunku kafin ku ƙulla a leda. Abin da Baba ya yi ke nan, bai fi haka ba.

Ranar da aka tafi da shi, ranar ce fakitin ƙarshe da muka saya a shagonsa ya ƙare. Wanda 'yar Mama ta yi oda daga Jos bai iso ba. Mama ta dubi kwanon Loko ta ce a mayar da tuwonta, ba ta jin yunwa.

Washegari da safe na shiga kasuwa. Wata ta miƙo mini farar leda ta ce mai kyau ne. Na ce ta nuna mini buhun. Muryata ta yi ƙasa har sai da na maimaita, na kusa da ita suka juyo suna kallona. Ta ce ba buhu. Na ajiye mata ledarta, na wuce wurin mahauta na sayi zuciya, na koma gida na dafa. Loko ta bi ƙamshi da hanci har ta sami kwanon, ta ci rabi ta koma ƙarƙashin gado. Mama ma ta sha rabin kokonta. Na rufe sauran na ajiye musu zuwa rana.