Sauke Kafaɗa

Mai hoton dattijo ne siriri, furfura ta cinye rabin gemunsa, tabarau na rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Shagon ba shi da girma: farin ƙyalle a bango, kujera a gabansa, sai benci inda wata malama ke jiran a ɗauke ta hoton fasfo. Duk wanda ya hau kujerar nan, magana ɗaya yake ji: "Sauke kafaɗa. Ja numfashi. Sake shi a hankali."

Wayarsa na kife a kan tebur, amma idonsa na yawan komawa kanta. Malamar tana zaton ɗansa ne ya yi nisa, ko wani nasa ke kwance asibiti. Wayar na yin ƙara sai ya dafe ƙirji, ya duba, ya mayar. Ba wanda yake jira ba ne.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Likita ya auna ni har ya gaji. Ya ce zuciyar ba ta da laifi, tunani ne ya danne ta."

Sai ya hau kujerar da kansa, ya lumshe ido, yana jan numfashi yana saki, har hannun ya bar ƙirjin.

"Ni da nake faɗa wa jama'a kullum, ban taɓa gwadawa ba sai da ƙirji ya matsa min."

Ya tashi, malamar ta zauna a kujerar, ya ɗaga kyamara. Wayar ta sake ƙara.

"Baba," in ji ta, "sauke kafaɗa."

Ya yi dariya, ya sauke.