Yaya Mariyama Ta Ƙi Ɓoye Ciwonta

Bana shekara talatin da shida ke nan da aka kai Yaya Mariyama makwancinta a nan Agadas. Ni ce Zeinabu, ƙanwar da ke bi mata. Yau na wuce shekarun da ta yi a duniya nesa ba kusa ba, na ajiye aikin koyarwa a lakwal, na ga jikoki, amma har yanzu Yaya nake ce mata a zuciyata, kuma har yanzu ina jin nauyin idonta in na so in yi shiru a inda ya kamata in yi magana.

Badukiya ce. Tana ɗinka jaka da matashin fata da gidan laya, hannunta kullum da jan rini. Ta ji wani kullutu a mamanta na hagu a shekarar babban fari, wadda aka yi ta rabon jar dawa. Makiyaya sun zube a bakin gari ba ko akuya, fatu sun cika kasuwa, amma Yaya ta ce fatar dabbar da yunwa ta kashe ba ta ɗinkuwa, allura na shiga take yagewa. Zamanin soja ne, kowa ya koyi taunar magana kafin ya fitar. A kasuwa ba a cewa yunwa, sai a ce shekara ta yi wuya. A gidanmu ma haka aka yi da ciwonta. Aka ce ƙurji ne, aka ce sanyi ne, aka ce baki ne.

Da tsofaffi suka yarda ciwon daji ne, sai suka ce daji ba ya son ƙarfe, in wuƙar likita ta taɓa shi fantsama yake yi. Wata bakwai ana jiƙa sassaƙe ana shafa mata ƙulli. Ta sha duk abin da Inna, mahaifiyarmu, ta miƙo mata, don ba ta son ɓata mata rai. Ranar da wurin ya fashe ya fara wari, ta yafa mayafi ta tafi wurin lokotoro ita kaɗai. Ya duba ya ce kanser ne, nan ba a iya aikinsa, sai Yamai.

Mijinta, Malam Isufu, mutumin kirki ne mai fataucin gishiri da dabino daga Fachi, farin ya riga ya cinye masa raƙuma. Tsoro ne ya kama shi. Ina zaune ya ce mata, “Mariyama, in suka yanke, da me za ki dawo mana?”

Ta ce, “Da raina, Malam. Shi nake son in dawo da shi.”

Ni na raka ta. Muka hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, za mu Damagaram, daga can mu nemi motar Yamai. Da hantsi muka iso shingen sojoji a Aderbissinat. A lokacin ana mayar da mutanen da ake zaton gudun fari suke yi zuwa manyan birane. Wani soja ya karɓi takardar lokotoro, ya juya ta, ya ce babu hatimin hukuma, mu sauka mu jira motar da za ta koma da mu. Na fara roƙonsa, Yaya ta dafa ni ta ce in bari. Ta sauko a hankali, ta tsaya gabansa, ta janye mayafi, ta kwance tsumman da muka naɗe wurin da shi.

“Ga hatimina, soja. Duba da kyau. In bai isa ba, kira mai gidanka shi ma ya duba.”

Ba ta ɗaga murya ba. Sojan ya kawar da kai, ya miƙo takardar da hannu biyu. Matan da ke cikin motar suka sunkuyar da kai don kunya, ni ma na ji kamar in nutse. Sai daga baya na gane cewa kunyar nan ce ta cinye mana wata bakwai.

A Yamai aka yi mata aiki, aka cire maman gaba ɗaya. Lokotoron ya so ya yi mini bayani a gefe da faransanci, ta ce a’a, jikinta ne, a gaya mata da Hausa. Aka gaya mata an makara, abin ya riga ya yi saiwa, sai dai an sama mata lokaci. Ta ce to, lokacin ma abin so ne.

Da muka dawo, na ɗinka mata ɗan matashin auduga ta riƙa sawa a cikin riga. Ta juya shi, ta yaba ɗinkin, ta mayar mini. Haka ta riƙa fita, gefe ɗaya a shafe. Duk gidan suna ko biki da ta shiga, in mata suka keɓe, sai ta kira ciwon da sunansa, ta nuna tabon, ta koya musu yadda za su lalubi jikinsu in suna wanka. Wasu suka daina gayyatarta. Uwar mijinta ta aiko cewa tana kashe wa ƴaƴanta kasuwa, wa zai nemi aure a gidan daji. Har wani ma’aikacin hukuma ya zo ya ja wa Malam Isufu kunne, wai matarsa na tara mutane ba izini. Yaya ta amsa daga bayan labule cewa ita suna take zuwa, in an hana suna a ƙasar nan a sanar a rediyo ta ji.

Sau ɗaya na ga ta yi kuka, kuma ba don zafin ciwo ba. Wata rana da la’asar Inna ta kasa riƙewa, ta faɗa mana cewa mahaifiyarta, kakarmu da aka ce mana zazzaɓi ne ya kashe ta, irin wannan ciwon ne ajalinta, da wata ƙanwar kakar tamu ma. An ɓoye don kada a ce yana bin gida. Yaya ta daɗe tana kallon ta, hawaye na zuba, sannan ta ce, “Inna, da kin faɗa, da ranar da na ji shi na tashi.” Ba ta sake tayar da zancen ba, amma a makon nan ta tara ƴaƴanta mata uku da nawa biyu ta gaya musu komai.

Shekara huɗu ta ƙara. Ta aurar da babbar ƴarta, ta ga damina ta dawo. Daga baya ciwon ya koma ƙashin baya, ta kwanta wata biyu, ta cika ranar wata Laraba bayan azahar.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga yau. Za ta yi murna da cewa akwai na’urori da magungunan da ba mu taɓa jin sunansu ba. Amma na san za ta tambaya don me har yanzu mace daga Agadas sai ta keta ƙasar nan kafin a duba ta yadda ya kamata. Za ta ji masu tallar magani a salula suna rantsuwa cewa suna warkar da daji cikin mako guda, ta ga mata masu ilimi suna tura wa juna. Kuma za ta tarar ana sassauta murya in an zo sunan ciwon, kamar da. Ba na jin za ta yi mamaki. Mayafinta za ta ɗauka ta fita.

Ba zan ce ta ci nasara a kan ciwon ba, shi ya kai ta ƙasa. Jakunkunan da ta ɗinka sun tsufa sun ƙare, hotonta guda ɗaya ma ya dushe. Abin da ya rage shi ne wannan. Shekara tara da suka wuce, autarta Rakiya ta yi mini sallama da safe, da jakar tafiya a hannu. Ko zama ba ta yi ba ta ce, “Inna Abu, jiya na ji kullutu. Na gaya wa maigidana, na gaya wa yara. Tashi ki raka ni.” Aka yi mata aiki da wuri. Rakiya tana nan da ranta, jiya ma ita ta kawo mini fura.

Allah ya jiƙan Yaya Mariyama, ya sa ciwon da ta sha ya zame mata kaffara.