Lukuman Haliru, Telan Kalgo Mai Gambarar Zamani

Ranar Talata, 12 ga Maris, 1996, cikin watan Shawwal, ina zaune a zauren gidana a Gwandu bayan sallar azahar, sai Jibrin abokin waƙarka ya shigo ya durƙusa, ya kasa ko gaishe ni. Da ƙyar ya ce, "Malam, Lukuman ya cika." Na ce daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Sanƙarau ne ya ɗauke ka a Kalgo, kana da shekara ashirin da biyar. Ni da na koyar da kai na ba sittin baya, kuma a tunanina kai ne za ka tsaya a bakin kabarina. Allah bai nufa haka ba.

Na fara saninka kana ɗalibina a ajin Hausa, a sakandare nan Gwandu. Ba ka cikin masu zaman gaba, kuma hannunka ba ya rabuwa da bugun tebur. A shekarunka na ƙarshe a makaranta wani ɗan bautar ƙasa ya zo da kaset na irin waƙar da ake kira hip-hop, wadda mawaƙi ke zuba magana da sauri a kan kiɗa ba tare da rerawa ba. Yaran makaranta suka ruɗe a kanta, suna haddace Turancin da ba su san ma'anarsa ba. Kai kaɗai ka tare ni bayan an tashi ka ce, "Malam, mi zai hana a yi wannan da Hausa?" Na ce babu abin da zai hana, sai dai Hausa tana da karin sautinta, in ka murɗe kalma don ta hau kiɗa, sai ta koma wata kalma. Ka ce za ka gwada.

Ka gama makaranta, ka koma Kalgo ka buɗe shagon ɗinki kusa da tasha, ka auri Rahamatu. Na ɗauka maganar ta wuce. Sai ga ka wata Juma'a da rakoda a saɓe, ka baro Kalgo takanas don in saurari abin da ka yi. Ni mutum ne da ya tashi cikin rubutattun waƙoƙin malamai, har yau kunnena bai saba da wannan kiɗa ba, kuma ban taɓa ɓoye maka ba. Amma da na saurara na ji amsa-amo na faɗuwa inda ya dace, na ji labarin manoman shinkafa da ambaliya ta cinye gonakinsu a fadama, da sunayen ƙauyukansu. Daga ranar ka mai da ni madubinka. Duk waƙar da ka shirya sai ka kawo, in gyara maka kalma, ka yi gardama, wani lokaci ka fi ni gaskiya. Mutane suka raɗa wa abin naku gambarar zamani, ka karɓi sunan da murna.

Ba zan manta abin da ya faru bara waccan ba. Samarin Gwandu sun kafa tasu ƙungiya ƙarƙashin Ɗanjuma, wani matashi mai kaifin baki, suka fara jifan 'yan Kalgo da zambo. Yaranka suka rama ba da saninka ba. Daga zagin gari aka kai ga ambaton iyaye, har aka fasa wa wani kai a filin ƙwallo. Dattawa suka fara maganar a hana wannan waƙa gaba ɗaya a garuruwan biyu. Kai ka hau mota ka zo har ƙofar gidan su Ɗanjuma, kai kaɗai, alhali kai aka fi zagi. Ka ce masa, "In kana ji da baki, mu haɗu ranar kasuwa. Kai ka yabi Kalgo, ni in yabi Gwandu. Wanda ya rasa abin faɗa shi anka kayar." Ɗanjuma ya yi mako yana bin tsofaffin Kalgo yana tambayar tarihin garinsu don kada ya ji kunya. Ranar da aka yi, mutane suka yi ta tafi, ba a ma tsaya sanar da wanda ya ci ba. Daga nan Ɗanjuma ya zama ɗan shagonka.

Zamanmu na ƙarshe shi ne cikin azumin da ya wuce. Na tambaye ka ko ba lokaci ya yi ba da za ka bar wannan abu ka fuskanci ɗinki. Amsarka tana nan a kunnena. Ka ce, "Malam, wannan waƙa ba wucewa za ta yi ba. Yanzu kwaikwayo muke yi, ana juya hula baya, ana sa wando har ƙasa, ana zagi don an ji wasu na zagi. Amma nan gaba kowane gari zai sami masu yin ta. In muka bar musu zagi, zagi za su ɗora. In muka bar musu magana mai kama hankali, ita za su ɗora." Ka gaya mini ka samu wani tsohon makaɗin kalangu a Kambaza wanda ya yarda ku ɗauki kaset tare, don kana son kiɗan ma ya zama namu. Wannan buri bai cika a hannunka ba.

Da annobar sanƙarau ta ɓarke bayan salla, ka rufe shago. Ka ga mutanen ƙauye na ɓoye marasa lafiya suna cewa iska ce, suna gudun masu allurar rigakafi. Kai da Jibrin kuka ɗaura lasifika a babur kuna bin kasuwanni da waƙar faɗakarwa. A Diggi na ji an ce har mata sun haddace:

Kai na sara, wuya ya ƙi juyawa,
Ba iska ba ce, bar jiƙe-jiƙen saiwa,
Aza shi ga amalanke, maza a yi gaggawa.

Ma'aikatan lafiya sun shaida mini cewa duk inda kuka wuce sai layin rigakafi ya yi tsawo. Ba ka tsaya ga waƙa ba, da hannunka ka riƙa ɗaukar marasa lafiya kana kai su asibiti. Zazzaɓin ya kama ka, bai yi maka jinkiri ba.

Bayan sadakar uku wata magana ta taso a gidanku. Wasu daga cikin dangi suka ce a tattara kasa-kasanka a ƙone, kada kiɗa ya zame maka nauyi a kabari. Sun faɗa ne don ƙauna, kuma ban ga laifinsu ba. Aka tambaye ni. Na ce ni ba mai ba da fatawa ba ne, iyakar abin da zan shaida shi ne babu waƙarka da ban ji ba, kuma ban taɓa jin batsa ko cin mutunci a cikinsu ba. Mahaifiyarka Hajjo, wadda ba ta taɓa zama ta saurare ka ba, ta ce a kunna mata kaset ɗin waƙar sanƙarau. Aka kawo rakoda tsakar gida. Ta saurari muryarka tun daga farko har ƙarshe, hawaye na zuba, ba ta share ba. Da kaset ya tsaya ta juya ga Jibrin da Ɗanjuma ta ce, "Ina ne ba ku kai wannan waƙa ba?" Suka ce Ceberu. Ta ce, "To mi kuke jira? Mutane na can na mutuwa." Washegari da safe suka tafi.

Ya Allah, ga bawanka Lukuman ɗan Haliru ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara. Ka lissafa masa duk ran da ya tsira ta dalilinsa, Ka sada shi da rahamarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajjo, da matarsa Rahamatu, da 'yarsa Zulai wadda ko yaye ba a yi ba, da 'yan'uwansa, da abokan waƙarsa na Kalgo da Gwandu, da duk gidan da wannan annoba ta shiga. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya yaye mana wannan ciwo. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Malam Abdulgani Usman,
Gwandu.