Allura a Cikin Wata Shida

'Ya'yana biyu na farko ba su kai ranar suna ba. Kowanne sai ya kwana biyar lafiya lau, sannan ya ƙi kama mama, baki ya kafe, jiki ya riƙa sanƙarewa. A unguwarmu, a Kurfi, iska ake cewa.

Ina da ciki na uku, wata shida, mijina ya dawo daga kasuwar Dutsin-Ma inda yake kai gero. Ya ce a can an kawo wata malamar asibiti tana yi wa masu ciki allura don kada jariri ya kafe. Uwar mijina tana tankaɗe, ta aje rariya.

"Mace lafiyarta ƙalau a soka mata allura? Mi ta yi masu? Kuma wai kyauta. Akwai abin da suke nufi."

Ni ma ban yarda ba. Ta yaya abin da aka zuba mini a dantse zai isa ga ɗan da ke ciki? Amma na gaji da wankan jego ba goyo. Na ce, "Inna, ki raka ni ki gani da idonki."

Muka hau motar hatsi. Malamar ba 'yar ƙasarmu ba ce, Hausarta a karye take. Inna ta karɓi 'yar kwalbar maganin a hannunta ta ɗaga ta a rana, ta jijjiga.

"Ke kin taɓa haihuwa?"

"Sau uku, Mama."

"An yi maki wannan?"

"A na ƙarshe kawai."

Inna ta taɓe baki, ni kuwa na miƙa hannu ina salati a zuci. Dantsen ya kumbura kwana uku. Kullum da safe sai Inna ta ɗora tafinta a cikina, ba ta ɗagawa sai ta ji motsi. Da lokacin allura ta biyu ya yi, mijina ne ya kai ni. Malamar ta ce a tafasa rezar yankan cibi, ungozoma ta ji haushi amma ta tafasa.

Mace na haifa. Ranar kwana biyar ban iya cin komai ba, bakinta kawai nake kallo. Ta sha mama ta yi gyatsa. Aka yanka rago ranar suna, Inna tana gaya wa kowa rubutun malam ne ya yi aiki. Ban musa ba, don na sha shi.

Bayan arba'in wata maƙwabciyata mai ciki ta ce in nuna mata gurbin allurar. Ta latsa da yatsa, ta daɗe tana dubawa, ta ce za ta yi shawara da maigidanta. A wannan cikin dai ba ta je ba.